Tarar da ba ta hana kamfanin caca barci

A watan Maris na 2023, hukumar kula da harkokin caca ta Birtaniya ta umarci rukunin kamfanonin William Hill da ya biya fam miliyan 19.2, hukunci mafi tsanani da ta taɓa yankewa zuwa lokacin. Cikin laifuffukan da aka bankaɗo har da na wani mutum da ya buɗe sabon asusu a intanet, ya zuba fam 23,000 cikin minti 20, ba tare da kowa ya binciki halinsa ba. Hukumar ta ce ta yi shawarar dakatar da lasisin kamfanin, sai ta fasa saboda ya gaggauta gyara.

Kafin nan, a watan Agusta na 2022, kamfanin Entain, mai Ladbrokes da Coral, ya biya fam miliyan 17 kan irin wannan sakaci. Adadin yana da nauyi a kunne, amma kuɗin shigar kamfanin a shekarar ya haura fam biliyan 4. Wato tarar ba ta kai cinikinsa na kwana biyu ba. A ganina, duk tarar da kamfani zai biya bai ji a jikinsa ba ta tashi daga hukunci, ta koma cikin kuɗin gudanarwa, kamar haya da albashi. Abin da ke razana irin waɗannan kamfanoni shi ne ƙwace lasisi, da hukunta shugabanninsu su kansu, da toshe hanyar da kuɗi ke bi. Birtaniya ta taɓa wannan na ƙarshe a watan Afrilun 2020, da ta haramta yin caca da katin bashi na banki.

Mai karatu zai ce ina ruwanmu. Ruwanmu shi ne, a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya, ikon kuwa na jihohi ne. Jihar Legas, wadda ta shigar da ƙarar, tana bayar da lasisi tana karɓar haraji. Kano kuwa, inda shari'ar Musulunci ta haramta caca, Hisba ce ke rufe shaguna. Sai dai shagon yau yana cikin aljihu. Ɗalibin da ke zaune a Kano yana iya zuba kuɗin makarantarsa a kamfanin da ke da lasisin wata jiha, tun kafin ya tashi daga tabarma.

Nan gizo ke saƙar: jihohi ke da ikon doka a kan caca, amma bankuna da layukan sadarwa suna hannun tarayya. Muddin majalisun jihohi ba su zauna da Babban Bankin Nijeriya da hukumar sadarwa ta ƙasa ba, haramcinsu zai tsaya a bakin ƙofar shago. Jihohin da suka zaɓi bayar da lasisi kuwa, ya kamata su auna tara da yawan cinikin kamfani, su kuma rubuta ƙarara laifin da zai jawo ƙwace lasisi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski; gwamnatin da ta karɓi harajin caca ta ɗauki alhakin yaron da cacar ta tsiyata.