Na'ura Za Ta Auna Yaro, Wa Zai Auna Hukuma?

Akwai wata haja da ya kamata mu san ta tun kafin dillalai su sauke ta a Kano. Kwamfuta ce da ake ɗura wa ƙa'idojin masana, a zaunar da yaro gabanta, ta jarraba shi, sa'an nan ta yanke hukunci a kan abin da ya hana shi karatu. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1970 Jami'ar Stanford ta Amurka ta ƙera MYCIN domin gano cututtukan jini, kuma duk yabon da ta sha, ba a kai ga amfani da ita a asibiti ba.

Ba ma musun cewa akwai disleksiya, watau lalurar da ke wahalar da yaro mai basira wajen haɗa harafi da sautinsa. Amma masana ba sa kiran yaro da wannan suna sai an koyar da shi yadda ya kamata, abin ya faskara. To, ɗan talakan Yakasai ko Koki da ke zaune a ƙasa cikin aji maƙil, babu littafi a hannunsa, yaushe aka koyar da shi? Tun da aka ƙaddamar da UPE a 1976 ake tara yara ba tare da isassun malamai ba, har ta kai Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024.

Sa'an nan ga batun harshe, wanda shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Ma'aunin da aka gina a kan 'ya'yan Ingila bai san Bahaushe ba. Yaronmu da asuba yana makarantar allo yana rubutu daga dama zuwa hagu, da hantsi a ce ya juya. Ɗan Bature da b da d yake fama, namu kuwa har da ɓ da ɗ. Bokonmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa garin Kano da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Hausa ba ta raba p da f. Duk wannan na'ura za ta lissafa shi cikin alamun cuta! Ga shi kuma a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke koyarwa da harshen uwa, an koma Turanci tun daga aji ɗaya.

Wa zai ci riba? Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa, babban ma'aikaci ya sami takarda mai cewa laifin yana cikin kan yaro. Ku matasan ma'aikata da fayil zai bi ta teburinku, ku tambayi dillalin da wane harshe aka gwada na'urarsa, a kan yaran wace unguwa, kuma in ta gano yaro hamsin a makarantar Shahuci, wane malami aka horar da zai zauna da su washegari.