K, M da B: Yadda Ya Kamata a Karanta Manyan Lambobi a Wasan Dabarun Yaƙi

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta don yin wasan dabarun yaƙi zai tabbatar da haka, musamman in ya duba yadda ake taƙaita manyan lambobi a saman allo. Misali shi ne wasan Hearts of Iron IV, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2016. A cikinsa ɗan wasa kan jagoranci ƙasa guda a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ana kuma nuna masa yawan mazajen da zai iya ɗauka soja da alamu irin su 950K ko 1.2M.

Dalilin taƙaitawar a fili yake, wato allo ba shi da wurin da zai ɗauki dogon jerin sifiri. Harafin K yana nufin dubu, asalinsa kuwa kalmar Girkanci ce mai wannan ma'ana, wadda ita ce ta haifi kilo da ke cikin kilomita. M miliyan ne, B kuma biliyan, watau miliyan dubu. Saboda haka 950K dubu ɗari tara da hamsin ke nan, 1.2M kuwa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ido kan ruɗi mai gaggawa ya ɗauka 950 ta fi 1.2, alhali ta biyun ta ɗara ta farkon da mutum 250,000. Sarkin yaƙin da ya yi wannan kuskure, to ya faɗa wa wanda ya fi shi ƙarfi.

Ga Bahaushe kuma akwai ƙarin tarko guda biyu. Na farko, tun da Nijeriya ta fara amfani da naira da kwabo a 1973, ƙaramin k a bayan lamba kwabo yake nufi, ta yadda 50k a tsohon rasit sule biyar ce, amma a wasa dubu hamsin. Na biyu, a Faransanci, wanda da shi ake karatun boko a Nijar, waƙafi ake sa wa inda Turancin Ingilishi ke sa ɗigo, sa'an nan miliyan dubu sunansa miliyar, biliyan kuwa miliyan sau miliyan ne. Ita kanta gwamnatin Birtaniya sai a 1974 ta koma ga lissafin Amurka a kan ma'anar biliyan.

Wasu za su ce maganin abin shi ne a Hausantar da haruffan, a sa D a madadin K. Wannan shawara ba za ta kai gaci ba, domin D da Ɗ kusan kamarsu ɗaya a ƙaramin rubutu, ga shi dubu da ɗari ba su da kusanci a ƙidaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar alamun yadda duniya ta san su, a gyara yadda ake furta su. Faɗin "miliyan ɗaya da ɗigo biyu", kamar yadda akan ji a bakin wasu, bai gaya wa mai sauraro kome ba, don kuwa ɗigo ba adadi ba ne. Sai an ce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu tukuna girman abin ke zama a ƙwaƙwalwa.

Hausa dai ba baƙuwa ba ce wajen dunƙule babban adadi. A zamanin cinikin wuri, keso ɗaya wuri 20,000 ne, kuma da kalmar zambar ake ƙirga dubbai, har a ce zambar dubu a nufi miliyan. Fatake sun san abin da ke cikin keso ko ba su kwance shi ba, saboda sun koyi lissafinsa tun suna yara.

A ƙarshe, nauyi ya rataya a wuyan malamai da ɗaliban sashen Hausa su tsayar da hanya guda ta karanta waɗannan alamu, su kuma koyar da ita. Alamun ba a wasa kaɗai suka tsaya ba, su ne ake gani a labaran kasafin kuɗi da na ƙidayar jama'a. Ɗalibin da M da B suka rikita a gaban allo, rundunar wasa ya rasa. Wanda suka rikita a takardar bashi, dukiya ce za ta salwanta.