Sharhi: Ƙwayar haske da tambayar wa zai riƙe sirrin Afirka

A watan Maris na 2025, mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa sakamakon wani gwaji da masana daga Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu suka yi tare da takwarorinsu na ƙasar Sin. Sun raba mabuɗin sirri tsakanin ƙasashen biyu, tazarar kimanin kilomita 12,900, ta hanyar wani ƙaramin tauraron ɗan Adam mai suna Jinan-1, sannan suka kulle hotuna da shi suka aika wa juna. Labarin bai ja hankalin jama'a ba, alhali ya shafi tsaron bayanan gwamnatoci da bankuna da rundunonin soja.

Tushen fasahar wata tsohuwar muhawara ce kan mene ne haske. A farkon ƙarni na 19, Thomas Young na Ingila ya tura haske ta wasu siraran tsagu biyu, sai ga zane-zanen haske da duhu jere a bango, alamar cewa haske na tafiya kamar igiyar ruwa. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa haske na zuwa ƙwaya-ƙwaya, waɗanda daga baya aka kira foton, bayanin da ya ba shi kyautar Nobel ta 1921. Duka biyun gaskiya ne. Ko da an saki ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, sannu a hankali zanen igiyar zai fito. Amma da zarar an sa na'urar gano ta wace tsaga kowace ƙwaya ta bi, zanen ya ɓace.

Ma'ana, leƙe yana barin sawu. A kan wannan ne Charles Bennett da Gilles Brassard suka gina tsarinsu a 1984: a ɗora mabuɗi kan ƙwayoyin haske ɗaiɗai, ta yadda duk wanda ya tare su a hanya domin ya karanta sai ya sauya halinsu, masu saƙon kuma su gane an taɓa.

Sai dai akwai gaɓar da ba a cika faɗi ba. Jinan-1 ba ya haɗa tashoshin biyu kai tsaye. Yana ƙulla mabuɗi da kowace tasha daban, sannan ya zama ɗan aike a tsakani. Kimiyyar kwantum na kare saƙo daga ɗan leƙen asiri a hanya, amma ba ta kare shi daga mai tauraron. Tauraron kuwa na Sin ne, ƙasar da ta fara harba irinsa mai suna Micius tun 2016.

A nan siyasar take. Ghana ce ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Yunin 2024, ta ayyana 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantum. Afirka ta Kudu na da nata shirin ƙasa kan fannin. Duk da haka, taurari da manyan na'urorin suna hannun wasu, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Duk gwamnatin Afirka da za a yi wa tayin irin wannan layi, ciki har da ta Nijeriya, wajibi ne 'yan majalisa da 'yan jarida su tambaye ta kafin sa hannu: wa ya mallaki tauraron, wa ya ƙera tashar ƙasa, kuma masana nawa na gida ne za su iya bincika abin da ke cikinta?