Wa Ke Riƙe da Wuyan Mai Riƙe da Kyamara?

A shekarar 2019 gidajen rediyo da talabijin na Nijeriya suka zaɓi Hajiya Sa'a Ibrahim, shugabar gidan talabijin na Abubakar Rimi da ke Hotoro a Kano, ta jagoranci ƙungiyarsu ta ƙasa wadda ake kira BON. Ita ce mace ta farko da ta hau wannan kujera, ta kuma karɓe ta daga hannun John Momoh, mai gidan talabijin na Channels. Kanawa sun yi murna, kuma murnar na kan hanya. Sai dai akwai abin da muka ƙi kallo a cikin wannan tarihi. Momoh ya sauka ya koma gidan da ya kafa da hannunsa, babu gwamnan da zai sallame shi. Ita kuwa Hajiya, duk da ƙwarewar da ta sa abokan sana'arta na ƙasa baki ɗaya suka sallama mata, kujerarta ta gida aron gwamnati ce. Da mulkin Kano ya sauya hannu a 2023, shugabancin gidan ma ya sauya. Haka aka yi wa na gabanta, haka za a yi wa na bayanta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ƙa'ida: idan duk wanda ya taɓa manhaja ya faɗa rami ɗaya, a daina zagin masu amfani da ita, a koma kan wanda ya tsara ta. Shekara da shekaru muna zagin shugabannin gidajen talabijin na jihohi da fadanci, a cire wannan a kawo wancan, labaran dare kuma suna nan yadda suke: gwamna ya buɗe, gwamna ya rufe, uwargidan gwamna ta raba. Mutane daban-daban, sakamako iri ɗaya. Ashe tsarin ne ke da ciwo.

Ciwon kuwa da shi aka haifi talabijin a ƙasar nan. Awolowo ya buɗe ta farko a Ibadan a 1959, bayan da rediyon Turawan mulki ya hana shi damar mayar da martani. Gwamnatin Sardauna ta buɗe tata a Kaduna a 1962. A 1977 soja suka tattare su duka a ƙarƙashin NTA. Da farar hula suka dawo a 1979, Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya tarar NTA tana hannun gwamnatin tarayya ta NPN, sai ya kafa CTV 67 domin Kano ta sami bakin magana. Ita ce aka sa wa sunansa bayan rasuwarsa a 2010. Kowanne cikinsu yana da hujja a zamaninsa. Amma gidan da aka gina don wanda aka hana magana ya yi magana, da zarar mai shi ya zama mai iko, sai ya koma gidan hana wasu magana. Ba mu taɓa zama mun gyara wannan ba.

Wani zai ce, to me ya shafi mutumin Rurum? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Audu Bako, tana bayan gidanmu. Ruwanta ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da ita. Yaushe za a saki ruwa, yaushe za a rufe don gyara, me masunta za su tarar, wa ke da alhakin sanar da manomin da ya ci bashin taki: waɗannan su ne labaran da cikinmu ya dogara a kansu. Ɗan jarida ne ya kamata ya ɗauki kyamara ya tsaya gaban jami'i ya ƙi tafiya sai an ba shi amsa. A tsarin da ake kai, kyamarar gwamnati tana shiga ƙauye ne a bayan motar mai girma, ta ɗauki tafi da guɗa, ta fita kafin ƙura ta lafa.

Ga kuma maganar sarauta. A 2019 aka ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayun 2024 aka rushe dokar. Bayan wata biyu aka dawo da ita a daraja ta biyu, da Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. Sauyi uku cikin shekara biyar a kan al'umma ɗaya. Ko kana goyon baya ko kana adawa, ka cancanci dandalin da za a zaunar da ɓangarorin biyu, da masana tarihi da lauyoyi, a yi maka bayani da Hausa. Shugaban da takardar naɗinsa ke aljihun ɗaya daga cikin masu rigimar, ta yaya zai shirya irin wannan zama? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Za a ce mana ai akwai gidaje masu zaman kansu tun dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC. Gaskiya ne, kuma sun yi ƙoƙari. Amma mu tuna an rufe Channels a 2008 a zamanin 'Yar'aduwa. A 2022 NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindigar daji. A shekarar dai gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu gidaje, har da NTA ta Gusau, don sun ɗauki taron 'yan adawa. Ga kuma ɗan kasuwa yana bin inda talla take, talla kuwa tana birni. Kamfanin lemo ba zai biya kuɗin man motar da za ta kai wakili Kibiya ba. Gidan da aka gina da harajinmu shi ke da wannan nauyi a wuyansa.

Wasu matasan kuma cewa suke talabijin ta mutu, kowa da wayarsa. A nan ne muka fi jin takaici, domin mun san cikin injin. Facebook da TikTok an tsara su ne su riƙe idonka muddin za su iya, abin da ya fi riƙe ido kuwa shi ne abin da ya fi tunzura zuciya. Ba ruwan injin da gaskiya ko ƙarya, ƙidayar daƙiƙa yake yi. Waya za ta nuna maka ruwa ya ci gona, ba za ta kira injiniya ta tambaye shi dalili ba, ba kuma za ta dawo gobe ta ce jiya mun yi kuskure ba. Wannan aikin edita ne, editan da ba ya tsoron wayar gidan gwamnati.

Abin da muke nema ba sabon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ɗora naɗin hukumomin gudanarwar kafafen gwamnati a kan wata hukuma mai zaman kanta, ita hukumar gudanarwar kuma ta naɗa editoci. Dokar Zaɓe ta Nijeriya ta 2022 ma ta haramta amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, illa dai an bar mai aiwatar da ita a hannun wanda dokar ke son takawa burki.

Don haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano, musamman wakilanmu na Rano da Kibiya da Bunkure, da su kawo doka mai ƙafa huɗu. A tallata kujerar shugaban gidan a fili, kwamitin da ya haɗa 'yan jarida da jami'o'i da ƙungiyoyin jama'a ya tantance. A ba shi wa'adi tsayayye da ba ya ƙarewa tare da na gwamna, kada a cire shi sai da laifin da majalisa ta tabbatar. A wajabta wakili mazauni a kowace ƙaramar hukuma cikin 44, waya mai kyau da intanet sun ishe shi aiki. Sannan a kwashe tsofaffin kasusuwan CTV a mayar da su kan kwamfuta, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, a buɗe wa kowa. Kaset yana ruɓewa ko ba a taɓa shi ba, kuma a cikinsa muryoyin iyayenmu suke.

Ga 'yan jam'iyyar da ke mulki yau, kowace ce, ku tuna Rimi ma sai da ya rasa bakin magana ya san darajarsa. Dokar da kuke ganin za ta ɗaure muku hannu, ita za ta buɗe muku ƙofa ranar da kuka koma adawa. Ga 'yan'uwanmu masu karatu kuma, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, bayan kun tambaye shi taki da hanya, ku tambaye shi wa zai naɗa shugaban talabijin, kuma wa ke da ikon cire shi.