Wasiƙa daga Madekali zuwa ga Masu Rubuta Tarihi a Wikipedia ta Hausa

'Yan'uwa editoci, manyanku da ƙananku.

Daga Madekali nake rubuto muku, a ƙasar Malanbil da ke arewacin Jamhuriyar Benin. Kogin Kwara ne tsakaninmu da Gaya ta Nijar, ta gabas kuma muna maƙwabtaka da ƙasar Illo a jihar Kebbi. Dendawa suka fi yawa a nan, amma Hausa na da ƙarfi a kasuwa da bakin ruwa, kuma yaranmu na karanta abin da kuke rubutawa a wayoyinsu. Duk wanda ya daɗe yana wannan aiki, wata rana sai ya taɓa yaƙe-yaƙe, sarautu da iyakoki, kuma nan ne abokai suke ɓatawa. Shi ya sa nake so mu yi maganar yadda za ku riƙa saɓani tun kafin saɓanin ya zo.

Ku dubi abin da ya samu takwarorinku na Wikipedia ta Ingilishi a kan tarihin Armeniya. Kisan da aka yi wa Armeniyawa a Daular Usmaniyya tun daga 1915, mafi yawan masana tarihi kisan ƙare dangi suke kiransa, gwamnatin Turkiyya kuwa har gobe ba ta yarda da haka ba. Ga kuma rikicin Armeniyawa da Azarbaijan a kan Nagorno-Karabak, inda gari ɗaya yake Shushi a bakin wannan, Shusha a bakin wancan. Editoci suka yi ta goge wa juna rubutu, har kwamitin da ke yanke hukunci tsakanin editoci ya zauna kan batun sau biyu a 2007, ya sake zama a 2023. An hana wasu taɓa batun kwata-kwata. An kuma kafa ƙa'ida cewa sai wanda ya kwana 30 da rajista, ya yi gyara 500, zai sa hannu a muƙalun rikicin. Abin da nake so ku lura da shi, kwamitin nan bai taɓa cewa ga mai gaskiya a tarihi ba, don ba huruminsa ba ne. Hali ya duba: wa ya yi zagi, wa ya nace da mayar da gyaransa, wa ya murɗe abin da littafi ya faɗa, wa ya ɗauki shafin filin daga. Mutum na iya riƙe da hujja mai ƙarfi, mugun hali ya sa a raba shi da alƙalaminsa.

Kada ku ce wannan matsalar mutanen nesa ce. Muna da tamu a ƙofar gida. A arewa da Malanbil, cikin kogi, akwai tsibirin Lete, wanda Dahome, wato Benin ta yau, da Nijar suka yi ta jayayya a kansa tun lokacin samun 'yancin kai a 1960. Manoma daga wannan gaɓa suna ganin nasu ne, Fulani makiyaya daga waccan suna ganin nasu ne. A ƙarshen 1963 abin ya yi zafi, gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata 'yan Dahome daga Nijar. Sai a 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu a Kwatano cewa za su kai maganar Kotun Duniya da ke ƙasar Holan.

To, a gaban kotu kowa ya zo da takardarsa, kuma duka takardun Faransawa ne. Benin ta riƙe wasiƙar da gwamnan riƙon ƙwarya na Nijar a lokacin, Raynier, ya rubuta ran 27 ga Agusta 1954, wadda ta sa iyaka a gaɓar hagu ta kogin, wato tsibiran wannan yanki na Dahome ne. Nijar ta riƙe wasiƙar Sadoux, jami'in mulki a Gaya, ta ran 3 ga Yuli 1914, wadda ta raba tsibiran bisa hanyar da jiragen ruwa ke bi. Ran 12 ga Yuli 2005 kotu ta yanke cewa iyaka tana bin wuri mafi zurfi na hanyar jiragen, Lete na Nijar ne, kuma cikin tsibirai 25 Nijar ta samu 16, Benin ta samu 9. Alƙalai huɗu suka amince, ɗaya ya saɓa. A ɓangaren kogin Mekru kuma, kotun ta bi ra'ayin Benin.

Yanzu ku ɗauka edita ɗan Dosso ta Nijar da edita ɗan Kandi ta Benin sun haɗu a muƙalar Lete. Ɗan Kandi ya sa wasiƙar 1954, ya ce ga madogara. Ɗan Dosso ya goge, ya sa ta 1914, shi ma ya ce ga madogara. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowane ya ɓoye rabin labari ne kawai. Idan ka buɗe tarihin shafin, sai ka ga jan lamba a bayan koriyar lamba, an cire haruffa ɗari biyar, an mayar da ɗari biyar, akwatin bayanin gyara kuwa fayau, ko uffan ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa. Muƙala ta gari ita ce wadda ta kawo wasiƙun biyu, ta faɗi wanda ya dogara da kowace, ta faɗi hukunci da dalilinsa, ba ta manta da Mekru ba. Irin wannan muƙala da wuya mutum ɗaya ya rubuta ta, domin kowa ya fi sanin takardar da ta yi masa daɗi. Wanda yake jayayya da kai shi ne yake riƙe da rabin da ba ka da shi, don haka korarsa asara ce gare ka.

Haka tarihin Kabi yake. Tashin da Yakubu Nabame ya yi a 1849, Dendi da Zabarma suka mara masa baya, labarinsa a Gwandu daban, a Argungu daban. Ku rubuta wanda ya ce me, kada ku ɗora fassarar gidan da kuka fito a matsayin muryar kundin.

Amma kada a fahimce ni ba daidai ba. Adalci ba raba shafi biyu daidai wa daida ba ne. Inda masana suka yi rinjaye, kamar batun 1915, a faɗi rinjayen ƙarara, musun kuma a ambace shi a matsayin musu, da sunan mai yin sa. Inda kotu ta yanke, a ce ta yanke. Tsoron rigima kada ya sa ku shafe gaskiyar da ta tabbata.

Ga abin da ya fi damuna game da mu. Mu 'yan kaɗan ne, mun san juna, muna zaure ɗaya a WhatsApp, mun ci abinci tare a wajen bita. Wannan ni'ima ce, amma tana da haɗari ta fuska biyu. In an goge maka rubutu, abu mafi sauƙi shi ne ka sanar a zaure, abokai biyar su zo su mara maka baya, baƙon da ba ya cikin zauren ya ga an yi masa taron dangi ya tafi ba dawowa. Kada ku yi haka, ko da kuna da gaskiya. Maganar muƙala a shafin tattaunawarta ake yin ta, inda ɗan Gaya da ɗan Kano za su gani, kuma wanda zai zo bayan shekara goma ya san dalilin da aka zaɓi wannan jimla. Ta ɗaya fuskar kuma akwai kunya. Yaro ya ga kuskure a rubutun malamin da ya koya masa aikin, sai ya yi shiru. Ƙannena, ku gyara da ladabi, ku kawo littafi da lambar shafi. Ku kuma manya, in ƙarami ya gyara ku, ku gode masa a fili, domin daga nan sauran za su koyi cewa hujja ake bi.

In an mayar da gyaranka, kada ka sake mayarwa nan take. Ka tambayi dalili, ka jira amsa ko da kwana biyu ne. Mai yiwuwa ɗan'uwanka data ce ta ƙare masa ko wuta ce babu a garinsu. Ka yi magana kan jimla, ka bar ƙabilar mutum da ƙasarsa. Admin kuma da ya shiga gardama a kan muƙala, kada ya toshe abokin gardamarsa ko ya kulle shafin a kan nasa rubutun, ya kira wani admin ɗin.

Sai maganar tsofaffi. Da yawa daga tarihin Dendi a bakin dattawa da maroƙa yake, kuma ina ganin ƙimarsa. Amma "kakana ya gaya mini" ba ta raba gardama, tunda wancan ma yana da kaka. Ku nemi abin da aka riga aka tattara aka buga, a cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO a Yamai, Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin da ba a rubuta ba tukuna, ku taimaka a ɗauka a buga shi, sannan ya shigo kundi.

Lokacin nan yana buƙatar ƙarin hattara. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Malanbil da Gaya, mutane suka koma kwale-kwale. Na ga an ɗora babur a kan buhunan albasa, mata na riƙe da goyo, ruwa na taɓa bakin jirgi, fasinja kuma na musu, wannan na ɗora laifi a kan Kwatano, wancan a kan Yamai. 'Ya'yan waɗannan mutane ne za su buɗe waya su nemi sanin yadda aka ja iyakar nan. Saboda haka ina roƙonku, duk wanda zai rubuta ko ya gyara muƙala a kan Lete, Dendi ko iyakar Benin da Nijar, ya nemi edita daga ɗaya gaɓar kogin tun kafin ya wallafa, su karanta tare, su rubuta saɓaninsu a shafin tattaunawa.

Wassalam.

Ɗan'uwanku daga Madekali.