Takin Gwamnati Amanar Baitulmali Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wani ɗan kasuwa ya aiko mana da tambaya, ya ce ana kawo masa buhunan takin zamani na rangwamen gwamnati a kan kuɗi kaɗan, shi kuwa ya sani masu kawowar ba su da ko kunya ɗaya ta gona. Shin ya halatta ya saya?

To, wannan ciwo ya daɗe. Tun shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, da na Alhaji Shehu Shagari a 1980, ake ware dukiya domin manomi, amma kuka ɗaya ne: taki ya taso daga birni, ya ɓace kafin ya isa ƙauye. A 2012 aka gwada aika wa manomi saƙo ta wayarsa, ya karɓi buhu 2 masu kilo 50 a kan rabin kuɗi, domin a tsallake 'yan tsakiya. Dabara tana rage ɓarna, amma tsoron Allah ne ke kashe ta.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ɗora baransa Hunayyu a kan hurumin kiwo na gwamnati, ya umarce shi da ya shigar da mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya yi hattara da garkunan Abdurrahman bin Auf da Usman bin Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyun ko dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, amma talaka in nasa sun mutu sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Halifa yana kuka. Ku duba fa, manyan sahabbai biyu ne da aka yi wa bushara da Aljanna, amma aka gabatar da mai ƙaramin ƙarfi a kansu. Ina ga wanda gonarsa a takarda take?

Saboda haka ma'aikacin da aka damƙa wa rubuta sunayen manoma a ƙaramar hukuma, ya cusa sunan matarsa da ƙanensa da mamaci, ya ci amanar baitulmali, abin da malamai ke kira gululu. Aya ta 161 a Suratu Ali Imrana ta nuna mai yin haka zai zo da abin da ya ɓoye ranar Alƙiyama. Muslim kuma ya ruwaito cewa ko allura ma'aikaci ya ɓoye, hukuncin ke nan. Buhun da ake ba shi da sunan goro shi ma haka ne, domin da yana zaune a gidan ubansa ba wanda zai kai masa.

Amma kai mai tambaya, tunda ka san hanyar da kayan suka biyo, saye ya haramta gare ka, gama ba a sayen abu daga wanda bai mallake shi ba. Ɓarawo ba ya sata sai ya san inda zai kai. In kuwa manomi ne na gaskiya yunwa ta sa ya kawo nasa, a duba: idan hukuma ta gindaya sharaɗin kada a sayar, Musulmi yana kan sharaɗinsa. Abin da ya fi maka lada shi ne ka ranta masa hatsi zuwa kaka, ya kai takinsa gona.

Wanda ya riga ya ci, ƙofar tuba a buɗe take, amma sai ya mayar da haƙƙi ga masu shi.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.