Na Baya Ma Gwani Ne

'Yan'uwana ɗalibai, idan aka ambaci ƙungiyar kiɗan rok ta AC/DC, Angus Young ake tunawa, mai tsalle-tsalle cikin kayan makaranta. Ni kuwa Cliff Williams nake jinjina wa. An haife shi a Ingila a 1949, ya shiga ƙungiyar a 1977 yana kaɗa jitar bes mai kaurin amo. Ya yi kusan shekara 40 a bayan dandali, gefen mai ganga, yana maimaita bugu ɗaya babu ado. Wasu na cewa wannan ba gwaninta ba ce. A ganina sun yi kuskure. A cire bugunsa daga faifan Back in Black na 1980, a ji yadda kiɗan zai yi lami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka mu daina raina na baya.